Faransancin Isiyaku Ya Je Neman Aure

Da a ce da baki ake tuƙa mota, da motar Isiyaku ba ta taɓa shiga gidan mai ba tunda ya sauka Riyad. Bakano ne ɗan Fagge, direban wata ƙaramar motar kaya a Birnin Masana'antu na Biyu, wanda kowa ke kira Sana'iyya. Daga safe zuwa yamma yana jigilar katan-katan na sabulu daga sito zuwa shaguna, in ya dawo masauki kuma sai ya buɗe babban aikinsa, wato ba da labarin kansa. Babu ƙasar da bai taka ba, babu sana'ar da bai taɓa ba. In ka ce haƙori ke damunka, ya taɓa zama yaron likitan haƙori. In ka ce jirginka ya yi jinkiri, ya san matuƙin har gidansu. Abokan ɗakinsa sun daɗe da daina musu da shi, don sun lura musun ƙara masa ƙiba yake yi.

Wuri ɗaya ne kaɗai bakin nan ke mutuwa murus, ƙofar gidan Baba Maulud a unguwar Al-Shifa. Baba Maulud dattijo ne ɗan Damagaram da ya tsufa a Saudiyya, matarsa Hajiya Fiddausi kuma tana yin dambu da fura duk Juma'a, 'yan ƙasa na zuwa saye. Mai miƙo kwanon ita ce Delou, 'yar yayan Baba Maulud, bazawara mai sanyin murya wadda mijinta ya rasu a gida. Isiyaku ya fi shekara yana zuwa ƙofar nan, kuma duk hirar da ta taɓa haɗa su ba ta wuce wannan ba:

"A zuba dambu."

"Da yaji?"

"Da yaji."

Sai ya karɓa ya juya, yana tafe yana tsine wa harshensa. Son ta yake, so na gaske mai hana mutum jin daɗin shayi, amma ko a gaban madubi bai iya furta shi ba.

Wata Juma'a da hantsi Buraima ya kawo labarin da ya tayar wa Isiyaku da hankali. Buraima abokin ɗakinsa ne, shi ma ɗan Damagaram, mai aikin walda. Kanawa da Damagarawa kuwa abokan wasa ne tun kaka da kakanni, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa, don haka su biyun ba sa wuni ba su tsokani juna ba.

"Kai Bakano, ka fara neman wani wurin dambu," in ji Buraima yana ɗaure takalmi. "Baba Maulud ya ce da an yi Sallah Delou gida za ta koma. Sai fa in wani ya turo manyansa kafin nan. Na ji Hajiya tana ta yabon Saidou, akawun nan da ke aiki a unguwar Ulaya."

Kofin shayi ya tsaya a hannun Isiyaku. "Wane Saidou? Mai wuya kamar na zalɓe? Me ya fi ni?"

"Faransanci," in ji Buraima, ko murmushi bai yi ba. "Mu a Damagaram ko akuya ba a tayawa da Hausa, balle mace. Waliyyi zai zauna, ka zubo masa Faransanci, in ya gamsu ya ba ka. In ka ce 'muna neman iri' irin na Kanawa, tabarmar ma naɗe ta za a yi."

Duk ɗakin sun san ƙarya ce. Isiyaku ma da zai gane, ba don ya tuna ya taɓa jin Delou tana waya tana cewa "wi, wi, dakor" ba. Nan take abin ya zauna masa daram. Ya ajiye kofi, ya miƙe, ya gyara wuyan riga.

"Faransanci? Ashe abin ma a gidana yake! Ni da na zauna Kwatano lokacin da nake ɗauko motoci? Har jandarmomi masu tsaron hanya tambayata suke wace unguwa ce tawa a Faris. Ya ɗan yi tsatsa ne kawai, gogewa zan yi."

Gaskiyar zaman Kwatano ita ce ya taɓa raka wani dillali, ya kwana a tasha, sauro ya cinye shi, suka juyo. Amma wa zai tsaya tone-tone?

Kafin azahar ya samo darasi a waya. Wata Baturiya ce mai jan baki take karanto kalmomin aure ɗaya bayan ɗaya, tana dakatawa a maimaita. Akwai darussa da yawa a gaba da baya, na gaisuwa, na kasuwa, na tambayar hanya, amma Isiyaku ya ce shi ba kasuwa zai je ba, aure zai nema, me zai yi da farashin tumatir? Ya kama darasin nan guda ya riƙe gam. *Mariyaj*, aure. *Epu*, miji. *Epuz*, mata. *Bo-per*, suruki. *Bel-mer*, suruka. *Selibater*, tuzuru. *Dibors*, saki. *Vev*, matar da mijinta ya rasu. Ya ƙara da *bonjur* da *wi* da *mersi* da ya tsinto tun da can, ya ce ai harshe ya kammala.

Masauki ya shiga uku. In mutum ya fito daga wanka, Isiyaku zai nuna shi da yatsa ya ce, "Selibater!" In wani na waya da matarsa a gida, ya leƙo ya ce, "Gai da epuz." Ɗan Bangaladash mai shagon ƙasa ma bai tsira ba, ya zo karɓar kwalaben ruwa ya tafi da sabon suna bo-per, yana waiwaye yana tambayar ko zagi ne.

Ranar Lahadi ya ɗauki kaya zai kai cikin gari, ya jona waya da rediyon mota, Baturiya na faɗi yana amsawa da ƙarfi. Tana "epu" yana "epu," tana "epuz" yana turo leɓe kamar mai hura wuta. Bai farga ba sai da ya ga gine-gine sun ƙare, raƙuma sun fara. Ashe ya bar Riyad ya bi hanyar garin Kharj da sabulun mutane. Mudir, wato manajansu, wani Bamisire mai gajeren haƙuri, ya kira shi yana kumfar baki.

"Inta fen, ya Ishak? Ina kake? Shago na jira tun safe!"

"Mafi mushkila, mudir, babu damuwa. Sabuwar hanya nake gwadawa, ta fi sauri."

"Ta Kharj? Sauri zuwa ina, Yaman?"

Da ya dawo da yamma bayan ya sha wankin babban bargo, cewa ya yi shi ya gano wa kamfani kasuwar sabulu a wajen masu raƙuma, hassada ce ta hana mudir gani.

Buraima ya ce, "Duk wannan da waya kake yi. Waya ba ta mayar da magana. Ka gwada da mai rai mu gani."

"Gobe ma kuwa!"

Akwai wani kantin magani a Ulaya da yake kai wa sabulu, mai kantin ɗan Tunusiya ne, kuma an ce 'yan Tunusiya Faransanci a bakinsu kamar ruwa. Isiyaku ya sauke katan, ya goge hannu, ya ja numfashi.

"Bonjur!"

Fuskar mutumin ta washe kamar ya ga ɗan garinsu. Ya ware hannu ya kwararo Faransanci, dogo, mai kwana-kwana, babu waƙafi babu aya. Isiyaku ya kasa kunne ko zai ji wata kalma tasa ta wuce ya cafke, ko ɗaya ba ta wuce ba. Da mutumin ya tsaya yana jiran amsa, sai ya gyaɗa kai irin na manya.

"Wi. Mariyaj."

"Mariyaj? Mabruk, mabruk!"

Isiyaku ya bugi ƙirji. "Epu." Ya nuna kudu, wajen Al-Shifa. "Epuz."

Mai kanti ya dube shi sama da ƙasa, ya tsaya kan furfurar da ta fara leƙowa a gemu, ya kashe masa ido ɗaya. Ya ɗauko leda ya fara zubi. Kwalbar zuma. Ƙwayoyin ƙarin kuzari. Man rina gashi. Wani turare mai hoton doki. Kowanne ya ɗaga sai ya yi tambaya, Isiyaku kuma ya ce "wi," don ya san in ya ƙi za a nemi dalili, dalili kuwa ba ya cikin darasi. Ya fito da leda niƙi-niƙi da aljihu fayau.

"Mun yi hira sosai," ya gaya wa 'yan ɗaki. "Ya ce lafazina na Faris ne tsantsa."

Buraima ya zazzage ledar a kan katifa, ya ɗaga kwalin ƙwayoyin nan ya karanta hoton da ke jiki. Dariya ta kayar da shi har ƙasa. Wani ya ɗaga man rini ya ce, "Wannan fa, shi ma lafazi ne?"

"Kyautar ango ce. Al'adarsu ce. Ku me kuka sani?"

Saura babbar matsala. Mai neman aure ba ya zuwa gaban surukai da bakinsa, manya yake turawa. Babban da 'yan Najeriya ke turawa a masaukin kuwa shi ne Alhaji Dawuda mai kula da sito, dattijo mai faɗa a ji wanda ya nemo wa mutane da dama aure a Riyad bai taɓa dawowa hannu rabbana ba. Isiyaku ya same shi bayan la'asar ya durƙusa, ya zayyana masa shirin.

Alhaji ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Isiyaku, ni da goro da dabino da sallama nake neman aure. Ban taɓa zuwa da yaren Nasara ba."

"Alhaji, waɗannan Damagarawa ne, sai da shi. Tambayi Buraima."

Buraima ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Alhaji," kafaɗunsa na rawa.

"To ni da haƙoran gaba suka yi ritaya, ina zan kai wannan epu-epu?"

"An gama wannan. Zan saƙala maka ɗan bulutut, abin jin waya, a kunne, ka rufe da hirami. Ina waje cikin mota ina jin komai. Abin da na faɗa kawai za ka maimaita."

Alhaji ya buɗe baki zai ƙi, sai ya ga idon Isiyaku. Babu cika baki a ciki, tsoro ne zalla. Tausayi ya kama tsohon, ya ce, "Allah ya sa kada mu ji kunya."

Ranar Juma'a Isiyaku ya tashi da wuri ya shafe kai da gemu da man rinin nan, ya ce ko ba za a gan shi ba, ango ango ne. Bayan la'asar ya sauke Alhaji Dawuda da wani abokin aikinsu Jibirilla, mai ɗauke da kwalin dabino, a ƙofar Baba Maulud. Shi kuma ya matsa gaba kaɗan ya faka a inuwar wata katanga, ya kashe inji don ya ji da kyau, ya ɗaga gilasai don kada a ji shi. Zafin Riyad ya ce salamu alaikum.

Ta waya ya ji komai. Ya ji sallama, ya ji an amsa da muryoyi da yawa, alamar falon cike yake da Damagarawa, har da Buraima. Ya ji ƙarar kofuna. Ya ji Alhaji da Baba Maulud suna gaisawa, iyali, aiki, zafi, labarin gida, har suka gano sun taɓa yin aikin Hajji a tanti ɗaya. Hira ta yi daɗi, Baba Maulud na dariya. Alhaji ya gyara murya ya ce, "To Alhaji, alheri ne ya kawo mu..."

"A'a!" Isiyaku ya yi raɗa da ƙarfi. "Za ka ɓata! Ce bonjur bo-per!"

"Alhaji, don girman Allah! Bonjur bo-per!"

Ya ji tsohon ya yi ajiyar zuciya, sannan murya ta fito a raunane: "Banjur... bofer."

Falon ya yi tsit, har ƙarar na'urar sanyaya ɗaki ana ji. Isiyaku ya daki sitiyari don murna, ya ce a ransa kwarjini ya kama su.

"Yanzu ce mariyaj. Da ƙarfi."

"Mariyaj."

"Innalillahi," in ji Baba Maulud. Muryarsa ta sauya gaba ɗaya. "Alhaji, daga ofishin jakadanci aka turo ku? Wa aka kama? Ko rasuwa aka yi a gida?"

Abin da Isiyaku bai sani ba, Baba Maulud ko ƙofar lakwal, wato makarantar boko, bai taɓa takawa ba. Tun yana saurayi ya bar Damagaram, kuma a duk rayuwarsa bai taɓa jin Faransanci a bakin mai kawo alheri ba. Jandarma a kan iyaka, likita in ciwo ya yi tsanani, ma'aikaci in takarda ta lalace, su ke nan. Dattijo mai furfura ya shigo da Hausa garau ya juye zuwa Faransanci, ai sai dai wata masifar da Hausa ba za ta iya ɗauka ba.

"Ku faɗa mini kawai, na iya ɗauka! Iƙamar wa ta mutu, takardar zaman wa?"

Can ciki aka ji Hajiya Fiddausi ta fara salati.

"Kwantar masa da hankali," in ji Isiyaku, gumi na shiga masa ido. "Ce epu, epuz."

"Efu. Efuz."

"Mutum biyu!" in ji Baba Maulud. "Kai, ku kira Saidou! Yana ɗakin baya. Maza ya zo ya fassara mana!"

Saidou! Da hannunsa ya buɗe wa abokin takara ƙofa, ya shimfiɗa masa darduma a tsakiyar neman aurensa. Ya ji takun takalmi, ya ji wata murya mai laushi ta gai da kowa da ladabi, sannan ta juya ga Alhaji ta saki Faransanci mai santsi, tambaya a kan tambaya.

"Isiyaku," Alhaji ya yi gunaguni cikin hirami, "me ya ce?"

Ina Isiyaku zai sani? Amma ja da baya a gaban Saidou, gara mutuwa. Ya yanke shawarar a yi ta ta ƙare, ya buɗe rumbun gaba ɗaya.

"Ba shi duka! Mariyaj, epu, epuz, bo-per, bel-mer, selibater, dibors, vev!"

Alhaji ya kwashe su ya zube kamar mai sauke buhu. Saidou ya ce, "Baba, ba magana ba ce, kalmomi ne a jere. Ya ce aure, miji, mata, suruki, suruka, tuzuru, saki, da matar mamaci."

"Saki?" in ji Baba Maulud. "Wa aka saka? Ba a ɗaura ba an kai ga saki har da mutuwa? Alhaji, lafiyarka kuwa? Ɗazun nan muke hira kamar mutane!"

A nan ne Alhaji Dawuda ya ga abin ya ishe shi. Ya sunkuya zai ba da haƙuri, ɗan bulutut ya zame daga kunne ya faɗa cikin kwanon fura. Ya laluba aljihu ya ciro wayar zai kashe, babban yatsansa ya sauka kan lasifika. Isiyaku a mota bai san an yi haka ba, ya ji shiru kawai, ya ɗauka wakilinsa ya karaya.

"Alhaji, kada ka ji tsoron tsohon nan!" Muryarsa ta cika falon har tsakar gida. "Badamagare ne fa, bayinmu ne tun fil azal! Burga ce kawai. Shi kuma mai wuyan zalɓen nan Faransancinsa na ƙauye ne, nawa na Faris ne. Ƙara masa mariyaj!"

Abin da ya biyo baya Isiyaku ya ji shi da kunnensa: wata irin dariya ta fashe, muryar Buraima a sama da ta kowa, yana tari yana neman ruwa. Sannan muryar Baba Maulud, a kusa da wayar sosai.

"Af! Ashe Bakano ne. Kai bawa, kana ina?"

Isiyaku ya kashe wayar, ya murɗa makulli zai gudu. Daidai nan wata ƙatuwar jif ta tsaya a bayansa ta toshe hanya. Ashe inuwar da ya samu ƙofar garejin wani Balarabe ce, mai gidan kuma ya dawo. Ya danna oda ya riƙe, ya leƙo yana ɗaga hannu.

"Ya sawwag! Kai direba! Harrik, matsa!"

Gaba katanga, baya jif. Odar nan ta fito da unguwa. Masu sayen dambu da ke layi suka juyo, yara suka leƙo ta tagogi, Damagarawa suka fito daga falo suna nuna motar sabulu. Jibirilla ya zo ya buɗe ƙofa, ya dube shi, ya ja da baya.

"Subhanallahi! Me ya sami fuskarka?"

Rinin ne. Gumi ya narkar da shi, ya gangaro daga kai ya bi goshi da kumatu layi-layi, ya sauka kan farar shaddar da aka goge tun jiya. Haka aka fito da shi, Jibirilla ya karɓi makulli ya matsar da mota, Buraima ya riƙo hannunsa yana share hawayen dariya, aka ratsa da shi ta tsakiyar masu dambu har cikin falo.

Ya zube a bakin ƙofa, kai a ƙasa. Baba Maulud ya ƙare masa kallo.

"Kai ne na Faris?"

Isiyaku ya goge fuska da hannu, rinin ya ƙara bazuwa.

"Da ganin fuskar nan ka sha hanya. Wa ya ce maka da Faransanci ake neman aure a gidana?"

Idon Isiyaku ya tafi kan Buraima. Buraima ya ce, "Baba, wasa ne na yi wa bawana. Wallahi ban zaci zai haɗiye har da ƙugiya ba."

"Za mu gamu da kai." Tsohon ya juyo. "Kai kuma, ka ɗaga mini hankali, ka sa matata salati, ka sa dattijo kamar Alhaji yaren da bai sani ba, ka kira ni bawa a falona. Wannan na ƙarshen na yafe, don Bakano bai san abin da yake faɗa ba. Amma tunda ka riga ka zubar da kunyar, ba sai wakili ba. Buɗe baki ka gaya mini abin da ya kawo ka, da harshen da uwarka ta yi maka faɗa da shi."

Labulen da ke tsakanin falo da cikin gida ya ɗan motsa, ƙasansa ana ganin yatsun ƙafa masu lalle. Isiyaku ya gan su, ya san mai su.

Ya buɗe baki. Mutumin da ya san matuƙan jirgi, ya gano kasuwar raƙuma, ya yi hira da ɗan Tunusiya, ya nemi kalma ɗaya a cikinsa ya rasa. Saidou na tsaye gefe hannu a baya, tsaf da shi, ko ɗigon gumi babu. Isiyaku ya dube shi, ya dubi shaddarsa, ya ga dai babu ta inda ya fi. Ya ji in bai yi magana yanzu ba har ya mutu ba zai yi ba.

"Baba," ya ce, muryar ƙanƙanuwa kamar ba tasa ba. "Ban iya Faransanci ba. Kwatano ma a tasha na kwana. Ni direban sabulu ne. Don Allah kada ku mayar da ita gida. In ta tafi ban san inda zan sa kaina ba."

Babu wanda ya yi dariya, har Buraima. Baba Maulud ya karkata kai wajen labule.

"Hajiya, kun ji. Me mai abin ta ce?"

Aka yi 'yar ƙus-ƙus a bayan labule. Hajiya Fiddausi ta yi tsaki irin na wadda aka kayar da ɗan takararta, ta ce, "Wai ta ce ai ta daɗe da sani. Mutumin da yaji ke sa shi hawaye amma kullum ya ce a ƙara, ba dambu yake zuwa saye ba."

Falon ya sake fashewa. Baba Maulud ya ɗaga hannu aka natsu, ya dubi Saidou.

"Saidou, Allah ya yi maka albarka, koma abinka. Wannan maganar ba ta bukatar tafinta, na ji ta da kunnena." Ya juya ga Alhaji Dawuda. "Alhaji, ɗauko daga inda ka tsaya kafin aljanun su kama ka. Ka ce alheri ne ya kawo ku."

Alhaji ya gyara zama, ya tsamo ɗan bulutut daga cikin fura ya ajiye gefe, ya nemi auren Delou wa Isiyaku da Hausa mai daɗi, yadda ya saba. Baba Maulud ya ce ya bayar, ya ƙara da cewa dama Damagaram ta saba ciyar da Kanawa, wannan ba shi ne farau ba. Aka buɗe kwalin dabino, aka ɗaga hannu za a yi fatiha.

Kafin nan jini ya fara dawowa jikin Isiyaku. Ya ɗago kai, ya ga an ba shi, da gaske an ba shi, farin ciki ya taso masa tun daga tafin ƙafa. Ƙirji ya buɗe, kafaɗa ta miƙe. Ya ga bai kamata taro irin wannan ya watse bai nuna godiya yadda ta dace da matsayinsa ba. Ya gyara murya, ya turo leɓe gaba.

"Mer..."

Alhaji Dawuda ko juyowa bai yi ba. Ya damƙo dabino cike da hannu ya cusa masa a baki, ya riƙe haɓar gam da hannu ɗaya, ya ɗaga ɗayan sama. Bai sake shi ba sai da aka shafa.